Rasuwar 'Yar Toka, Wadda Aka Rubuta wa Ido a Juye

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har wuya, da kuma wani haushi da ya ƙi sauka, tsohon mai raba wasiƙu da ke zaune a ɗaki na biyu idan an hau bene yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zuwa aron cajarsa, cewa kwamfutarsa ta cinya, wadda aka fi sani da 'Yar Toka, ta rasu ranar Laraba da misalin ƙarfe goma da kwata na safe. Shekararta goma sha ɗaya a duniya, bakwai daga ciki a hannunsa. Ta rasu a bakin aiki, a rataye, ƙafa sama kai ƙasa, kuma mai rashin yana so a sani tun daga farko cewa ba ita ta zaɓar wa kanta wannan zama ba.

Marigayiya ta shigo gidan ne ta hannun 'yarsa, malamar makaranta, lokacin da ta sami sabuwa. Ta zo da tabo a murfi da madanni ɗaya da ya fita, ta zauna a kan teburin taga ba tare da neman wani gata ba. Ba mai gaggawa ba ce. Idan ya kunna ta, yana iya ɗora ruwan shayi ya tafasa, ya juye, ya dawo, ya same ta tana miƙa. Fankarta kan ce fuuuu, sai ta ɗan yi ƙit-ƙit kamar mai gyaran murya, sannan fuskarta ta haska. A cikinta ya ga kifin da ke yawo da fitila a goshi can ƙarƙashin teku, ya ga garin da rana ba ta faɗuwa wata biyu, ya ga wani mutum da ya koya wa hankaka ɗauko masa maɓalli. Karatunsa bai wuce aji huɗu ba, amma ba ta taɓa yi masa gori ba. Duk yadda ya rubuta kalma a karkace sai ta gane abin da yake nufi ta kawo masa.

Duk wannan wasa ne. Aikinta na gaske shi ne Laraba, ƙarfe goma.

Mai rashin yana da yaya mace, shekararta tamanin da shida, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana zaune wurin ɗanta, tafiyar kwana biyu a mota, tafiyar da gwiwoyinsa suka daina yarda da ita. Shekara uku ke nan hankalin Yaya yana zubewa kaɗan kaɗan. Ɗanta da ta haifa takan ce masa bawan Allah. Surukarta da ke yi mata wanka kullum, takan tambaye ta daga wane gida take. Idan aka kara mata ƙaramar waya a kunne sai ta ce wa ke magana, ta ture. Amma da hantsi, bayan ta karya kumallo, akwai wani ɗan lokaci da kanta kan washe. A wannan lokaci surukar ke jingina mata allon hannu a jikin filo, 'Yar Toka ta ce tiririn tiririn, fuska ta bayyana. Yaya ta matso da ido ta ce, "Auta, ka ci abinci?"

Shekararsa saba'in da biyar. Duk duniya ba sauran mai kiransa Auta sai ita, kuma duk duniya ba sauran fuskar da take ganewa sai tasa. Wannan kaya marigayiya ta ɗauka kowace Laraba, ba ta taɓa cewa ya yi mata nauyi ba.

Ciwon ajali ya shigo ne da ladabi. Wata safiya wani saƙo ya fito a fuskarta yana roƙon a bar shi ya sabunta mata ciki. Mai rashin ba mutum ne da ke mayar da roƙon da aka yi cikin mutunci ba, sai ya danna to. Ta yi awa biyu tana zufa, ta mutu ta farka sau uku, ta dawo kamar ba abin da ya faru. Sai da Laraba ta zo. Da aka haɗa kira, ya ga Yaya zaune daidai, amma a ɗan akwatin da ke nuna masa kansa, sai ya ga hularsa a ƙasa, gemunsa yana kallon rufi. Haka ya isa can. Yaya ta daɗe tana kallo, sannan ta juya wajen surukarta ta ce, "Wa ya rataye jemage a gilashin nan? Ku kore shi mana."

Surukar ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi dariya, don kada ya zama shi kaɗai. Ta ce, "Kawu, bari in juya namu." Ta juya allon hannun, hoton ya bi ta ya juya, ya sake tsayawa a kansa. Ta sake, ya sake. Ta ce tana da tukunya a wuta. Ranar bai iya cin abincin rana ba.

Ya naɗe marigayiya a tawul ya kai ta shagon da ke kwanar titi, wurin matar nan mai gyara da kowa ke ce wa Injiniya, mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ta buɗe, ta danna, ta karanta wasu ƙananan rubuce-rubuce farare a kan baƙi, ta yi tsaki.

"Baba, idonta lafiya lau. Abin da aka rubuta a kan idon ne ba daidai ba."

Ya ce, "Wa ya rubuta? Ni dai ban rubuta komai ba."

Ta jawo masa kujera. Ta ce kowace irin wannan na'ura, tun kafin ta bar masana'anta, tun ba ta san hannun kowa ba, akan dasa mata wani ɗan kundi a cikin wata ƙwaya da ke manne a cikinta. Kundin yana faɗin inda kowace gaɓa take. Wannan rami yana hagu, wancan yana dama. Ido yana jikin murfi, yana kallon mai ita ne ko yana kallon baya, kuma a tsaye aka dasa shi ko a juye, domin akwai waɗanda ake dasa wa ido a juye idan wayar ciki ta yi gajarta. Ita kuwa manhajar da ke kula da idon, wadda masu aikin ke ce wa direba, tana can ciki cikin duhu, ba ta da yadda za ta fito ta zagaya ta dubi jikin da take zaune a ciki. Kundin take tambaya. Idan ya ce ido a juye yake, sai ta bi kowane hoto ta miƙar da shi kafin ta tura.

"To na 'Yar Toka a tsaye yake," in ji Injiniya, "amma kundinta ya ce a juye. Ga alama na wata yayarta aka kwafo aka zuba mata. Tsohuwar manhajar ba ta taɓa buɗe kundin ba, abin da ido ya ba ta shi take miƙawa. Wannan sabuwar 'yar makaranta ce, ta karanta ta yi biyayya. Tana miƙar da abin da yake a miƙe."

Mai rashin ya dubi marigayiya a kan teburin shagon. Yana tunanin shekara goma sha ɗaya da baiwar Allah nan ta yi tana yawo da ƙarya a ciki, ba ta sani ba, ba ta cuci kowa da ita ba. Kuma ya san wannan cuta, ya yi shekara talatin yana taka ta da ƙafa. A littafin ofishinsu an rubuta cewa gida mai lamba arba'in yana hannun hagu kafin famfo. Gidan kuwa yana hannun dama, bayan famfo, cikin wani lungu da akuya kaɗai ke shiga da son ranta. Bai taɓa buɗe littafin ba, ƙafarsa ta san hanya, wasiƙar matar gidan ba ta taɓa kwana ba. Da ya ajiye aiki aka kawo wani mai takarda, mai bin doka, ya buɗe littafi ya je hagu, ya tarar da bango, ya buga hatimi ya mayar. Wata shida matar tana zaton ɗanta ya manta da ita.

Saboda haka mai rashin bai riƙe sabuwar manhaja a zuci ba. Wanda ya riƙe shi ne mutumin da ya kwafi kundin. Yana ganinsa a ransa, wani mai farar riga a wani dogon ɗaki mai fitilu, yunwa ta kama shi, ya ɗauko na wata ya zuba wa wata ya tafi cin abinci. Da ya ɗaga murfin ya dubi idon nan sau ɗaya, da ya gani. Ko minti ɗaya ba zai ci ba. Mai rashin ba ya yi masa mugun fata, yana dai roƙon Allah ya sa wata rana ya je neman gidan wani da takarda a hannu, a tsakar rana, ya tarar da bango.

An nemi magani, kada a ce ba a nema ba. Injiniya ta mayar mata da tsohuwar manhaja, sai abin kiran ya ƙi buɗewa, ya ce shi ba ya zama da tsofaffi. Ta nemi inda za ta juya hoton da hannu, abin kiran ya ƙi saurarenta, ya ce daga bakin direba kawai yake karɓa. Daga nan ta gaya masa wani abu da har yau yake juyawa a ransa. Ashe masu rubuta manhajar sun san ana yi musu ƙarya. Suna da jeri na musamman, sunayen na'urorin da aka kama kundinsu da kuskure, kuma duk wadda sunanta ya shiga, direba ba ya ƙara yarda da kundinta a wannan magana. Ta nuna masa jerin, dogo ne kamar layin asibiti. Sun bi shi daga sama har ƙasa sau biyu. Babu 'Yar Toka. Irinta ba su da yawa, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙararta.

Injiniya ta rubuta musu. Ya ce ta fara da gaisuwa da tambayar iyali, ta ce, "Baba, mutanen nan ba sa karanta gaisuwa." Ya ce to shi ya sa duniya ta juye. Wasiƙa ta tafi babu ambulan, babu kan sarki, babu wanda za a riƙe idan ta ɓata. Bayan kwana huɗu suka ce a turo musu kwafin kundin. Aka tura. Daga nan shiru.

'Yarsa ta zo ranar Asabar ta same shi zaune ya tasa marigayiya a gaba.

"Baba, don Allah a saya maka waya mai kyamara a huta."

Ya nuna mata yatsunsa da ke rawa, ya ce a wannan ɗan gilashi fuskar Yaya ba ta fi farcen babban yatsa ba, me zai gani. Ta ce to ta bar masa tata. Ya ce ƙarfe goma na Laraba tana aji, kuma shi bai iya shafe-shafen nan ba, yana taɓa wuri ɗaya wuri uku ke buɗewa. Ta ce, "Taurin kai dai, Baba." Ya ce a wurinsa ta gada.

Laraba uku suka wuce a haka. Ta farko jemage. Ta biyu Yaya ta ce a rufe abin nan yana sa ta jiri. Ta uku ta kalle shi kamar yadda ake kallon kalanda, ta juya fuska wajen taga. Wannan ce ta tsorata shi.

Washegari da safe yana neman allura a akwati sai ya ci karo da maɗaurin tsohuwar jakarsa ta wasiƙu, fata mai kauri da ta yi shekara talatin a kafaɗarsa. Ya dube ta, ya dubi katakon kanta da ke saman tebur. Ya buga ƙusa biyu a ƙarƙashin katakon, ya ɗaura fatar, ya buɗe 'Yar Toka ya kifa ta ya zura. Madannai suna kallon ƙasa, allo yana reto a gabansa. Idan zai danna sai ya miƙa hannu sama kamar mai tsinkar lemo. Tela maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Malam, wanki ka yi mata ne kake shanya?" Ya ƙara jan fatar ya gyara ɗaurin.

Abu ɗaya ne bai lissafa ba sai da kira ya shiga. Shi ya miƙe a can, amma Yaya ta kife a nan, tunda allon gaba ɗaya a juye yake. Dole ɗayansu ya tsaya a kansa. Bai gama wannan tunani ba ya ji murya daga sama.

"Auta! Wa ya yi maka wannan mugun aski?"

Ya cire hula ya nuna mata sosai, ta ƙare masa faɗa.

Mako tara marigayiya ta yi a rataye, mako tara yana kallon yayarsa a kife. Ya koyi fuskar kamar sabuwar unguwa. Ya gane cewa idan bakinta ya yi kamar za ta yi kuka, murmushi take yi. Ya gano haɓarta a juye sak sanƙon mahaifinsu ce, abin da bai taɓa lura da shi ba a shekara saba'in. Wuyansa ya riƙa ciwo. Fankar marigayiya ta koma huci, don ramukan shan iskarta sun manne da katako. Injiniya ta hau bene da kanta ta gani, ta riƙe baki.

"Baba, gaɓar murfin nan ba don lilo aka yi ta ba. Kuma ƙusar nan ta hagu ba ta shiga da kyau ba."

Ya ce kwana nawa ne, amsar wasiƙa na hanya. Ya yi niyyar ƙara wa ƙusar guduma biyu. Yana so a rubuta a nan cewa ya yi niyya.

Larabar ƙarshe Yaya ta tashi da kai garau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Ita ta fara labari. Ta ce ya tuna ranar da ya ɓace mata a tashar mota yana ɗan shekara biyar? Ta saki hannunsa ta gyara goyon kaya, ta waiwayo babu shi. Ashe wani mutum ne ya wuce ɗauke da babban madubi a ka, shi kuma ya bi shi yana kallon gajimare suna tafiya a ciki. Ta ce ta zagaya tashar nan sau bakwai ba takalmi, tana kiran sunansa har muryarta ta dushe. Mai rashin bai taɓa jin wannan ɓangare ba, shi madubin kawai ya riƙe. Ya matso yana so ya ji inda ta same shi. A nan ƙusar hagu ta zame.

Marigayiya ta bugi bakin tebur, ta bugi ƙasa. Murfi ya rabu da jiki sai 'yar waya ɗaya, fuska ta yi baƙi. Amma bakinta bai mutu nan take ba. Daga ƙasa, kusa da ƙafar kujera, ya ji:

"Auta? Auta, ina ka shiga kuma?"

Ya durƙusa da gwiwoyin da suka manta durƙuso, ya kai baki jikinta yana cewa ga ni nan, Yaya, ga ni nan. Kunnen marigayiya ya riga ya tafi. Muryar ta sake kira sau biyu, tana ƙara nisa. Fanka ta ce fuuu, a hankali, ba ta kai ga ƙit-ƙit ba.

Amsar wasiƙa ta iso ranar Alhamis. Injiniya ta kawo masa a wayarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta karanta. Sun duba, sun tabbatar kundin 'Yar Toka ya yi kuskure, sun sa sunanta a jeri. Daga sabuntawa mai zuwa duk wata irinta da ke duniya za ta nuna mai ita a tsaye. Sun ce sun gode. Mai rashin bai san wata irinta ko ɗaya ba. Ya ce ta amsa musu cewa an gode, amma gidan da suka kawo wa wasiƙar an tashi jiya. Ta ce ba za su gane ba. Ya ce ta rubuta haka nan.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif a wuya, da tawul ɗin da ake goya ta, da maɗaurin fata wanda ba shi da laifin komai, da ƙusar dama da har yanzu take tsaye a wurin aikinta. Ƙusar hagu ba ta cikin dangi, kada a yi mata ta'aziyya. Ta bar tsoho ɗaya a wannan gari da tsohuwa ɗaya a wancan. Surukar ta bugo ranar Lahadi ta ce tun ranar Yaya ba ta zauna ba, kullum sai ta nemi mayafi ta ce a kai ta tasha, yaron nan ya sake ɓacewa.

Za a yi sallama da marigayiya ranar Laraba mai zuwa a shagon Injiniya da ke kwanar titi, da ƙarfe goma sha ɗaya. Za a kwance ta a kan tebur, a cire idon a sa a kwalin ashana a ba mai rashin. Ya roƙi a cire masa ƙwayar da kundin ke ciki ma. An gaya masa ba ta kai ƙwayar wake ba kuma ba a ganin rubutun, ya ce a ba shi haka nan, yana so ya riƙa dubanta. Sauran jiki za a miƙa wa masu narkar da irinta. Masu zuwa gaisuwa su zo hannu sake. Wanda ya taho da maganar da ma an sayi sabuwa, ya ajiye ta a ƙasan bene tare da takalminsa.

Ana roƙon kada kowa ya iso kafin lokaci. Da ƙarfe goma Injiniya za ta ara wa mai rashin babbar kwamfutar shagonta, kuma ta yi alkawarin buɗe kundinta tun ranar Talata ta gwada shi da idon, ta gani da nata. Akwai tambayar da Yaya ta yi masa, wadda ranar za ta cika kwana bakwai bai amsa ba. Zai sa hular da ta sani, ya zauna sosai a kujera, idan ta matso da ido ya ce mata yana nan, bai bi kowa ba, ta ajiye mayafin. Mako tara bai ga fuskarta a tsaye ba, yana tsoron wuyansa ya karkace da kansa don neman ta. Idan haka ta faru, tela zai tsaya a bayansa ya riƙe masa kai da hannu biyu har ta kira sunansa.